Wanzamin da ya yarda da jarfa

Ranar 10 ga Maris, 2010, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, wadda ake bugawa a birnin Boston na Amurka, ta fitar da rahoto a kan wani majiyyaci mai ciwon jijiya na gado. A al'adar irin waɗannan rahotanni ba a kama sunan majiyyaci. Akan zana bishiyar iyalinsa ne kawai, maza a murabba'i, mata a da'ira, a cike na masu ciwon da baƙin tawada. A wannan bishiyar 'ya'ya takwas ne a jere, uwa ɗaya uba ɗaya, huɗu daga cikinsu baƙi wuluk. Ɗaya daga cikin huɗun nan shi aka karanta kundin gadonsa kakaf, domin a gano inda gizo ke saƙar. Abin da ya fitar da labarin daga hannun likitoci ya kai shi shafukan jaridu shi ne, sunan da ke kan gaba a jerin masanan da suka rubuta rahoton, Farfesa James Lupski, shi ne majiyyacin. Jininsa ne aka ɗiba, bai kuma ɓoye wa kowa ba.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Wannan wanzamin da kansa ya miƙa hannu, bayan ya shafe kusan shekara ashirin yana farautar abin da ke cin ƙafafunsa. A cikin wannan farauta ya gano sanadin ciwon dubban mutane a duniya, nasa kuwa ya ƙi ganuwa.

Sunan ciwon Charcot-Marie-Tooth, likitoci na taƙaita shi da CMT. Sunayen mutum uku ne da suka bayyana shi a shekara guda, 1886: Jean-Martin Charcot da almajirinsa Pierre Marie a Faris, sai Howard Henry Tooth a Ingila. Sunan na ukun a Turanci haƙori yake nufi, amma ciwon ba ruwansa da haƙori. Jijiya yake kamawa. A nan sai an yi hattara, domin kalmar jijiya a bakinmu tana ɗauke da kaya da yawa: da wadda jini ke bi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, duk jijiya muke ce musu. Wadda ake nufi a nan ita ce mai kai saƙo, wadda ke fita daga laka ta bi hannu da ƙafa, ta kai wa tsoka umarnin ta motsa, ta kuma komo wa ƙwaƙwalwa da labarin cewa an taka ƙaya. Kamanninta ɗaya da wayar lantarki: akwai zaren ciki da saƙo ke bi, akwai rufin da ke naɗe da shi, wanda ake kira mayelin. In rufin yana da lafiya, saƙo a jijiyar hannu yakan yi gudun da ya haura mita 50 a daƙiƙa guda. In ya lalace sai gudun ya faɗo ƙasa da mita 38, wani lokacin ƙasa da rabin haka. Likitoci na auna wannan da 'yar na'ura mai ɗan jan lantarki a fata.

Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara gajiya, kuma babu wadda ta kai mai tashi daga gindin baya zuwa babban yatsan ƙafa, kusan mita guda. Shi ya sa ciwon ke farawa daga ƙasa. Yaro ne za a ga yana yawan tuntuɓe a fili tas, inda babu dutse babu rami. Silifas na zame masa bai sani ba sai ya ji zafin ƙasa, in ma ya ji. Gaban ƙafarsa ba ya ɗaguwa, yatsu na jan ƙasa, don haka sai ya koyi ɗaga gwiwa sama a kowane taku, kamar mai ƙetare kwata. Tsakiyar tafin ƙafar ta lotsa sama ta yi baka, yatsu su ƙudundune, har in ya taka rairayi mai danshi sawun da zai bari dunduniya ce da gaban ƙafa, tsakiya ba komai. Sannu a hankali sha-raɓa ta zube, ƙwauri ya sirance alhali cinya na nan da ƙibarta. Littattafan likitanci na kamanta wannan da ƙafar shamuwa, kuma duk wanda ya ga shamuwa tsaye a gona farkon damina ya gane abin da suke nufi. Bayan shekaru sai abin ya hau hannu: sa maɓallin riga, murɗa makulli, zura zare a allura, duk su zama aiki. Ba ya taɓa hankali, kuma yawanci ba ya rage kwana. Cin mutum yake yi a tsaye, kaɗan-kaɗan. Ƙiyasin da aka fi ambata, wanda ya samo asali daga wani bincike a yammacin Norway a 1974, shi ne mutum ɗaya cikin 2,500.

An haifi Lupski a 1957, ya tashi a garin Hicksville da ke tsibirin Long Island a jihar New York. Iyayensa ba wanda ke da irin wannan tafiya. Amma shi da 'yan'uwansa uku duk abin ya kama su. Shekarun da tsaransa ke guje-guje a filin makarantar sakandare, shi ya yi su ne tsakanin ɗakin tiyata da jinya a gida, ana yi wa ƙafafunsa aiki ɗaya bayan ɗaya don a daidaita su ya samu takawa. Wanda aka zaunar wuri guda tsawon watanni, littafi ke zame masa abokin hira. Daga nan ya shiga Jami'ar New York, yana ɗalibi ya taɓa aiki a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, wadda a lokacin James Watson ke shugabanta, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka bayyana siffar DNA a 1953. A tsakiyar shekarun 1980 ya fito da digiri biyu, na digirgir a kan ƙwayoyin gadon bakteriya da na likita. Sai ya nufi Houston a jihar Texas, Kwalejin Likitanci ta Baylor, ya yi horon likitan yara da na cututtukan gado. A can ya kafa ɗakin bincikensa, kuma ba sai an tambayi ciwon da ya sa a gaba ba.

Domin a bi labarin daga nan, sai an riƙe hoto guda a zuci. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai rubutu, wato DNA, mai haruffa iri huɗu kacal, tsawonsa harafi biliyan uku. Kowa na da kofi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. An rarraba rubutun a mujalladai 23, waɗanda ake kira kuromozom, a cikinsu kuma akwai babi-babi wajen dubu ashirin, kowane babi umarni ne na haɗa wani furotin da jiki ke aiki da shi. Waɗannan babi su ne ƙwayoyin gado. A ƙarshen shekarun 1980 babu wanda ya karanta wannan rubutu gaba ɗaya. Masana kan bi wasu alamomi ne da aka sani a wurare daban-daban, su ga wace alama ce ke tafiya tare da ciwo a cikin zuri'a, kamar mai bin sawun dabba.

A 1989 wasu masana a Jami'ar Duke suka nuna cewa nau'in CMT mafi yawa yana da alaƙa da mujalladi na 17. Lupski da abokiyar aikinsa Pragna Patel suka bi wannan sawu. Sun samu manyan zuri'o'i a jihar Louisiana, jikokin Faransawan da aka koro daga gabashin Kanada a ƙarni na 18, ta hannun wani likitan jijiya na New Orleans, Carlos Garcia, wanda ya daɗe yana duba su. Suna gwada wata alama a jinin waɗannan mutane sai suka ci karo da abin da bai kamata a gani ba. Tunda kofi biyu kowa ke da shi, alama ba ta wuce fuska biyu: ta uwa da ta uba. A jinin masu ciwon sai ga fuska uku. Duk wanda ya saba aikin ɗakin gwaji, abin da zai fara zargi shi ne an gauraya jinin mutum biyu. Amma abin ya yi ta maimaituwa, kuma a jinin masu ciwon kaɗai. Ashe wani yanki ne na mujalladi na 17, mai tsawon harafi kusan miliyan ɗaya da rabi, aka rubuta sau biyu a jere a ɗaya daga cikin kofin. Sun buga sakamakon a mujallar Cell a 1991. A shekarar kuma wani rukunin masana a Antwerp ta Beljiyam, ƙarƙashin Christine Van Broeckhoven, ya iso wuri guda ta tasa hanyar.

Wannan ganowa ta girgiza fannin, kuma a ganina ta cancanta. Kafin nan, in an ce ciwon gado, abin da ke zuwa zuciyar masana shi ne harafi ya karkace, babi ya lalace. A nan ba abin da ya lalace. A cikin yankin da aka maimaita akwai babi mai suna PMP22, wanda aka tabbatar da hannunsa a 1992, mai haɗa wani furotin na rufin jijiya. Babin lafiyarsa lau, sai dai uku ne maimakon biyu. Gishiri ba guba ba ne, amma a ƙara rabin abin da aka saba zubawa a tukunya guda, kowa zai ture kwanon. Yadda maimaicin ke faruwa ma abin sha'awa ne. A farkon wannan yanki da ƙarshensa akwai layuka biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara. Duk wanda ya taɓa kwafar littafi da hannu ya san wannan tarko: ka ɗaga kai ka dangwali tawada, ka komo, idonka ya sauka a kan layin da ya yi kama da wanda ka bari. In ya sauka a na baya, ka maimaita shafi. In ya sauka a na gaba, ka tsallake shi. Haka ke faruwa lokacin da jiki ke shirya ƙwayar haihuwa. Kuma tsallaken ma an same shi: a 1993 Phillip Chance da abokansa suka nuna cewa wanda ya rasa wannan yanki, ya rage da kofi ɗaya, wani ciwon jijiya daban yake samu, wanda ɗan danne hannu ko harɗe ƙafa kan sa gaɓa ta mutu na kwanaki ko makonni. Daga irin waɗannan Lupski ya gina babban ra'ayinsa, wanda ya fayyace a 1998, cewa akwai rukunin cututtuka da tsarin ginin kundin gado ke haifarwa, ba karkacewar harafi ba. Har akwai wata larura ta yara da ke ɗauke da sunansa da na abokiyar aikinsa Lorraine Potocki, ita ma maimaici ce a mujalladi na 17.

Gwajin maimaicin PMP22 ya shiga asibitoci, ya zama abin da ake fara nema ga duk wanda aka zarga da CMT, domin shi ke bayan kimanin kashi 70 cikin 100 na nau'in da ke lalata rufin jijiya ake kuma gadonsa daga mahaifi guda. Mutane suka riƙa samun amsa da ɗigon jini.

Shi kuwa mai ganowar, jininsa kofi biyu ya nuna. Ba ya cikinsu.

In an duba bishiyar iyalinsa, hakan ba zai zo da mamaki ba. Maimaicin PMP22 mai rinjaye ne: kofi ɗaya ya isa ya kawo ciwo, don haka akan gan shi a uba, a ɗa, a jika, ba ya ɓuya. A gidan su Lupski kuwa iyaye na tafiyarsu daram, 'ya'ya huɗu ne abin ya faɗa wa. Wannan salon mun san shi, ko da ba a wannan ciwon ba. Shi ne salon sikila: uwa AS, uba AS, kowannensu na ɗauke da kofi ɗaya mai matsala wanda lafiyayyen ke rufa wa asiri, sai an haɗu a ɗa guda abin ya fito. A kowace haihuwa rabon ɗaya cikin huɗu ne. A lissafi, cikin takwas biyu ake tsammani. Su huɗu suka samu, domin kowane ciki sabon lale ne, bai san abin da na baya ya ɗauko ba. Iyayen masu sikila da yawa sun sha wannan ɗacin, suna zaton tunda ɗaya ya fito da shi ukun da ke tafe sun tsira.

To amma wane babi ne, cikin dubu ashirin? Shekaru suka yi ta wucewa, ana gano sababbin ƙwayoyin gado masu jawo CMT a ɗakunan bincike daban-daban, ciki har da nasa. Aka gwada jinin iyalin a kan wasu daga ciki, ba a dace ba. Ya kamata a san cewa a wancan zamani kowane babi aiki ne mai zaman kansa, mai cin kuɗi da lokaci, kuma jerin waɗanda ake zargi sai ƙaruwa yake har ya kai wajen arba'in. Mutum na zaune a tsakiyar ilimin, ɗalibai na zuwa daga ƙasashe su koya a wurinsa, yana faɗa wa iyalan wasu sunan abin da ke damunsu, ya tashi ya taka ƙafafun da bai san takamaiman abin da ya same su ba. Wannan ɓangaren na labarin shi ya fi tsaya mini a rai.

Abin da ya sauya lamarin ba a fannin jijiya ya faru ba, a fannin injuna ne. Babban aikin karanta kundin gadon ɗan'adam, wanda aka fara a 1990 aka kammala a 2003, ya ci kusan dala biliyan uku. Baylor na cikin manyan cibiyoyin da suka yi shi, ƙarƙashin Richard Gibbs, masani ɗan asalin Ostareliya. Da sababbin injuna suka fito, cibiyar Gibbs ta shiga aikin karanta kundin James Watson a 2007, a kan kuɗin da bai wuce dala miliyan ɗaya ba, kuma Lupski na cikin waɗanda suka rubuta rahoton. Sai dai Watson ba wani ciwo ake nema a jikinsa ba. Tambayar da ta rage ita ce: in aka kawo mai ciwon gado na gaske, wanda ba a san sanadinsa ba, karatun zai iya tono shi? Ana buƙatar majiyyaci da ya fahimci abin da zai shiga, wanda ba zai firgita da abin da za a gani ba, wanda kuma aka riga aka auna iyalinsa ciki da waje. Ga shi nan a harabar makaranta ɗaya da su.

Aka ɗebi jini, aka tsamo DNA, aka daddatsa shi gutsi-gutsi, inji mai suna SOLiD ya karanta gutsattsarin, kwamfuta ta jera su a kan kundin da ake auna kowa da shi. Kowane wuri an karanta shi kimanin sau 30 don a rage kuskure. Kuɗin aikin bai kai dala dubu hamsin ba. Da aka gama, sai ga wurare kusan miliyan uku da dubu ɗari huɗu inda harafin Lupski ya saɓa da na ma'auni. Wannan ba alamar ciwo ba ce, kowannenmu haka yake. Aka fara tankaɗe. Waɗanda ke sauya ginin furotin sun ɗan haura dubu tara. Aka koma kan ƙwayoyin gado 40 da aka san suna da hannu a ciwon jijiya: bambanci sama da dubu uku a cikinsu da kewayensu, 54 kacal a ainihin wuraren da ake karantawa a haɗa furotin. A cikin waɗannan, biyu suka faɗo a babi guda, SH3TC2, a mujalladi na 5.

Furotin ɗin da wannan babi ke haɗawa jere ne mai ɗigo 1,288, kamar carbi mai tsawo, kuma yana aiki ne a cikin ƙwayoyin da ke naɗa rufin jijiya. Kuskuren farko, wanda ake rubutawa R954X, alamar tsayawa ce da ta faɗo a ɗigo na 954, sai a yanke carbin saura kusan kashi ɗaya cikin huɗu. An riga an san wannan a wasu iyalai. Na biyun, Y169H, musanya ce ta ɗigo ɗaya da wani a wuri na 169, kuma sabo ne. Sai aka koma kan sauran iyalin da tsohuwar hanyar gwaji mai tabbaci. Na farkon daga uwa ya zo, na biyun daga uba. Dukan huɗun masu ciwon na ɗauke da biyun a haɗe. Sauran 'yan'uwan ba wanda ya haɗa su. Lupski na da shekara 53 lokacin da aka buga rahoton. A ranar kuma mujallar Science ta fitar da aikin wasu masana na Seattle da suka karanta kundin iyali guda na mutum huɗu. Tsakanin rahotannin biyu aka tabbatar cewa wannan hanya na iya shiga ɗakin likita.

Akwai wani abu a rahoton da ba a cika ambata ba, alhali ya kai a tsaya a kansa. Iyaye da kakannin da ake ɗauka lafiyayyu, da aka auna jijiyoyinsu da na'ura, sai aka ga ba haka abin yake ɗari bisa ɗari ba. Masu ɗauke da kofi ɗaya sun nuna 'yan alamu: a wani ɓangaren matsewar jijiyar wuyan hannu, wadda ke sa yatsu mutuwa da tsiyayar zafi da dare, a ɗaya ɓangaren raunin zaren jijiya mai sauƙi. Wato abin da mutum zai ɗora wa tsufa ko wahalar aiki, yana iya zama inuwar ciwon da zai fito sosai a jikokinsa.

Babin SH3TC2 kansa tarihinsa ya biyo ta Afirka. A 1996 masana a Faransa suka fara gano unguwar da yake a mujalladi na 5, ta hanyar nazarin manyan iyalai na Aljeriya masu auren zumunci, kafin Jan Senderek da abokansa a Jamus su kama shi da suna a 2003. Dalilin da ya sa irin waɗannan iyalai ke haska wa masana hanya a fili yake: in miji da mata sun haɗa kaka, kuskure guda na iya gangarowa ta hanya biyu ya haɗu a ɗa. Wannan gaskiya ce da ta shafe mu, mu da auren gida ya zama ruwan dare a wurinmu, kuma ɓoye ta ba alheri ba ne. Amma ban yarda a mayar da ita sandar dukan kowa ba, domin shi Lupski kurakurai biyu mabambanta ya gada, kowanne ta tasa hanyar. Ba zumunci ya haɗa su ba. Duk ɗan'adam na yawo da irin waɗannan kofi masu rauni a ɓoye, ko ya auri 'yar baffansa ko 'yar wata nahiya.

Mai karatu na iya cewa: to, an gano, sai me? An warkar da shi? Ba a warkar da shi ba. Har yau babu maganin da ke tsayar da CMT. Abin da ake da shi gashin ƙashi da motsa jiki ne, da takalmin roba mai tallabe ƙafa daga dunduniya zuwa ƙwauri don kada yatsu su ja ƙasa, da tiyata in ƙafar ta karkace. Duk da haka ba na ganin sunan a matsayin ƙaramin abu. Ka ɗauki yaro a garuruwanmu da ƙafarsa ke sirancewa. Wani zai ce shan inna ne, alhali shan inna farat ɗaya take kamu, sau da yawa bayan zazzaɓi, kuma takan fi cin ƙafa ɗaya, shi kuwa wannan a hankali yake zuwa, ƙafa biyu daidai. In hannu ya ƙudundune ya daina jin zafi, wani zai raɗa kuturta, a fara ware masa kwano. In aka ga uku a ɗaki guda, sai a koma maganar sammu, ko a ce daga dangin uwa ne, a ɗora wa baiwar Allah nauyin da ba nata ita kaɗai ba. Takardar da ta nuna ɗaya daga uwa ɗaya daga uba tana kashe wannan maganar. Tana faɗa wa 'yar'uwar da ba ta da ciwon ko tana ɗauke da shi. Tana faɗa wa mai ciwon irin na Lupski cewa 'ya'yansa za su ɗauki kofi ɗaya ne, ba za su yi ciwon ba sai in abokin haihuwarsa ma na ɗauke da shi, saɓanin mai maimaicin PMP22 da kowane ɗansa rabon rabi da rabi ne. Tana kuma iya kare mutum daga mummunar illa: maganin sankara mai suna vincristine, wanda ake bai wa yara masu sankarar jini, yakan durƙusar da mai CMT ƙwarai, kuma an samu waɗanda ba a san suna da ciwon ba sai bayan allurar ta kwantar da su.

Yau ƙwayoyin gadon da aka danganta da CMT sun haura ɗari, karanta kundin mutum kuma ya sauko ƙasa da dala dubu ɗaya a manyan cibiyoyi. Amma yawancin abin da aka sani daga jinin Turawa aka san shi. Shi ya sa aikin irin su Farfesa Guida Landouré, likitan jijiya a asibitin Point G na Bamako, wanda shi da ɗalibansa ke bin iyalan Mali masu wannan ciwo suna gwada jininsu, yake da nauyi: abin da ya fi yawa a Louisiana ba lalle shi ya fi yawa a bakin Kwara ba.

Shi Lupski bai rufe littafin nasa a 2010 ba. Shi da Gibbs da sauran suka sake ɗaukar jinin nan suka karanta shi da wasu injuna: sau shida ta hanyar da ke duba wuraren haɗa furotin kaɗai amma da zurfi, sau ɗaya kuma gaba ɗayansa. Sakamakon ya fito a mujallar Genome Medicine a 2013. Wasu abubuwan tsoro da karatun farko ya hango a wasu babi, sai aka tarar ba haka suke ba, injin ne ya yi tuntuɓe. Sannan ga abin da ba wanda ya zata: a cikin SH3TC2 ɗin da aka yi shelar an gama da shi, akwai kuskure na uku da karatun farko ya tsallake. Ba a tsakiyar babin yake ba, ba a ƙarshe ba. A kalmar farko yake, wadda ke gaya wa ƙwayar halitta daga inda za ta fara karatu. In wannan kalmar ta sauya, ba a iya cewa ga irin furotin da zai fito, ko ma zai fito. Don haka a ƙa'idar rubutun masana, sunan wannan kuskure da alamar tambaya yake ƙarewa, kuma haka aka shigar da shi a rahoton: M1?